Rabuwar da bishiyar yanke shawara ta yi wa bayanan bincike, gaskiya ce ko dace ne kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a nan Kaduna, ina bincike kan manoman masara da suka karɓi bashin taki: wa ke biya, wa ke kasawa. Na yi amfani da bishiyar yanke shawara ta CART, wato hanyar lissafi mai raba bayanai reshe-reshe don yin hasashe, sai reshenta na farko ya raba manoman bisa ƙaramar hukuma. Malamin da ke duba aikina ya ce in kawo ƙimar p, wato lambar da ake duba ko dace kaɗai zai iya haifar da irin wannan bambancin. Na ɗauki rukunan biyu na yi musu gwajin kai-sukwaya (chi-square) mai kwatanta rukunai, p ta fito ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba amfani da ita. Hakan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bai wadatar ba, kuma ina roƙonki kada wannan lambar ta shiga kundinki a yadda take.

Gwajin kai-sukwaya yana ɗauka cewa kin ware rukunan tun kafin ki leƙa sakamakon. Ke kuwa bishiya ce ta ware miki su, bayan ta lalube bayanan ta zaɓi inda bambanci ya fi fitowa. Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23, kuma hanyoyin raba 23 gida biyu sun kai 4,194,303. Jinsin manomi kuwa hanya ɗaya tak ake raba shi. Wanda aka ba damar zaɓa daga miliyoyin hanyoyi, dole ya samu wadda ta yi kyau, ko da Lere da Soba da Giwa ba su da wani bambanci na haƙiƙa. Kamar ki tsince manyan zangarniya daga buhu ne, ki ɗora a sikeli, ki ce ai masarar gonar nan ta fi ta kowa nauyi.

Shi ya sa ban yi mamakin ƙaramar hukuma ta hau saman bishiyarki ba. Tsarin CART, wanda Breiman, Friedman, Olshen da Stone suka fitar a 1984, an san shi da karkata ga duk abin da ke da rukunai masu yawa. Ba ya yin gwajin tabbaci ko kaɗan. Ma'aunin Gini yake bi, wanda ke auna yadda masu biya da masu kasawa suka cakuɗu a kowane rukuni, bishiyar ta yi girma, daga baya a datse rassan da ba su taimaka wajen hasashe ba.

Idan malaminki na son ƙimar p, akwai bishiyoyin da aka gina don haka. CHAID, wadda Gordon Kass ya wallafa a 1980, tana yin kai-sukwaya a kowane reshe tare da gyaran Bonferroni. Ma'anar gyaran mai sauƙi ce: idan kin yi gwaji 20 alhali babu bambanci ko ɗaya, a matsakaici ɗaya zai fito ƙasa da 0.05 ta hanyar dace, don haka sai a raba 0.05 gida 20, iyakar ta koma 0.0025. CHAID tana cikin manhajar lissafi ta SPSS.

Ni dai na fi natsuwa da ctree, wadda Hothorn, Hornik da Zeileis suka gabatar a 2006, tana cikin kunshin partykit na manhajar R. Ita tana fara tambaya ne: akwai alaƙa tsakanin wannan abin (misali ƙaramar hukuma ko jinsi) da biyan bashi? Sai gwajin ya tabbatar, sannan ta nemi inda za ta yanka. In babu wanda gwajin ya tabbatar, bishiyar ta tsaya nan. Wannan raba aikin gida biyu shi ne ya kawar da karkatar da na faɗa miki.

Idan kuma kina son riƙe CART ɗinki, ki raba manomanki kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Ki shuka bishiyar da kashin farko, ki gwada rabuwar a kan kashi na biyu wanda ba ta taɓa gani ba. Ƙimar p da ta fito a nan za ki iya kare ta gaban kowane kwamiti. Ki dai lura da ganyen ƙarshe, wato rukunan da bishiyar ta ƙare da su: in adadin da ake tsammani a wani gida na teburin gwajin ya gaza 5, kai-sukwaya ba abin dogaro ba ne, sai ki haɗe ƙananan rukunai ko ki koma gwajin Fisher, wanda ya dace da ƙananan adadi.