Wai mutanen zamanin da basu san annoba ba?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da aiki. Jiya a teburin mai shayi nan Jekadafari muka kaure da musu, wani yace annoba irin korona kayan zamani ce, wai mutanen zamanin da basu santa ba saboda abincinsu na gargajiya ne. Dan Allah a raba mana gardama. Daga mai karatunku a Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Ka gaya wa mutumin naka annoba ta girmi kakan kakansa, ba ruwanta da tuwon dawa.

A shekara ta 430 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta faɗa wa birnin Atina na Girka suna tsaka da yaƙi da birnin Sifarta, mutanen ƙauye duk sun gudo cikin ganuwa an cunkushe a bukkoki ga zafi, ciwon kuma ta tashar jiragen ruwa ya shigo. Marubucin tarihi Tusididis shi kanshi ya kamu ya tashi, kuma abinda ya bada labari yafi mutuwar tada hankali. Su ƙona gawa suke, to sai da takai mutum zai ɗauko gawar ɗan uwansa ya wurga kan wutar da wasu suka haɗa wa nasu mamacin ya kama gabansa, kai ka duba fa, mu da ko jana'izar maƙwabci ka rasa sai ka bada uzuri. Tsoron doka ya tafi, masu kuɗi suka hau facaka tunda ba wanda ke da tabbacin gobe. Waɗanda suka warke sune suka fi tausayin marasa lafiya, don ciwon baya kashe wanda ya taɓa yi. Shugaban Atina Feriklis ma ita ta tafi dashi a 429.

Mu dawo gida. Annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ita tayi ajalin Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal (RA). Sayyidina Umar yana hanyar zuwa Sham, da ya kai wani wuri da ake kira Sarg yaji labari sai ya juya da jama'arsa, akace masa gudun ƙaddarar Allah zakayi? Yace eh, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, sannan Abdurrahman bin Auf yazo da hadisin kar a shiga garin da take, wanda ke ciki kuma kar ya fita. Da Amru bin Asi ya karɓi jagoranci a Sham sai yace kowa ya watse zuwa kan duwatsu, a daina cunkuso, bayan nan ta lafa.