An rage tallafi: in riƙa tsallake maganina don ya daɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, yanzu kuma ina da cikin wata biyar. Da na wata shida ake ba ni, yanzu sai na wata uku, ma'aikaciyar da ke biyo mu unguwa ma ta daina zuwa. Wata ta ce tunda Amurka ta janye hannu, in riƙa sha yau in huta gobe don ya daɗe. Yaya zan yi? Daga wata baiwar Allah, Kumo, Jihar Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Wannan shawara kam ki watsar da ita.

Gaskiya ne a Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, abin ya kuma taɓa PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da wannan cuta da aka kafa tun 2003. Sai dai daga baya an ware maganin ceton rai daga dakatarwar, har da na masu juna biyu. A Fabrairun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayo magani. Inda abin ya fi cizo shi ne ma'aikatan unguwa da masu kai jini ɗakin gwaji. Maganin kansa kyauta ne a asibitin gwamnati.

Ƙwayar TLD da yawancin mutane ke sha haɗin magani uku ce, an auna ta ta riƙe jiki kwana ɗaya. In kika tsallake, ƙarfinta ya ragu a jini, cutar ta samu sarari ta hayayyafa, har ta saba da maganin ya daina yi mata komai. Daga nan sai layi na biyu, wato maganin da ake komawa in na farko ya gaza, mai tsada da wuyar samu. Raba ƙwaya biyu ma duk kanwar ja ce. In kuma kina da ciwon hanta nau'in B, dainawa na iya tayar da shi, don biyu daga cikin ukun shi ma suna danne shi. Ga jariri a ciki: yawan cutar a jininki shi ke buɗe mata hanya zuwa gare shi.

Ki ƙirga ƙwayoyinki, ki koma asibiti da katinki tun saura na mako biyu, kada ki jira kwalba ta yi ƙara. In suka ce ya yanke, ki nemi takardar canjin asibiti. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe na cikin masu bayarwa. A wurin awo ki nemi gwajin yawan cutar a jini da na tunjere, wanda allurar fenisilin ke kashewa, amma a haɗa da maigida, in ba haka ba ya dawo. Ki haihu a asibiti, don a fara ba jaririn ruwan maganin kariya da zarar ya faɗo, na aƙalla mako shida.