Tambaya da Amsa: Na sayi azurfa bisa nauyi, an ce siminti ne a ciki

Tambaya: Malam, hankalina a tashe yake. Na sayi sandunan ɗora kyandir huɗu da wuƙaƙen cin abinci cikin kayan gwanjo daga Kwatano, har da bashi na ci. A gindinsu an buga Sterling Weighted. Wani maƙeri a Babbar Kasuwa ya ce cikinsu siminti ne. An cuce ni ke nan? Abokaina sun ce in jefa su wuta, abin da ke ciki ya narke ya fita. Mai karatu daga Maradi.

Amsa: Ɗan'uwa, maƙerin nan gaskiya ya faɗa maka. Azurfa ce ta ƙwarai, mai lamba 925, wato kashi 925 cikin dubu azurfa ce zalla, amma fata ce kawai, kaurinta bai fi na gwangwanin lemo ba. Ana cika cikin da siminti ko kwalta, wani lokaci har da sandar ƙarfe ko dalma, don abin ya tsaya da gindinsa. Wuƙaƙen ma haka: bakinsu ƙarfe ne, ƙotar kaɗai ke da azurfa. Kayan Faransa masu hatimin kan Minerve, wato hoton kan mace da ake bugawa don shaidar azurfar ƙwarai, su ma ana samun ƙotarsu a cike. Idan kuɗin nauyin duka ka biya, to akwai asara, domin azurfar ƙaramin kaso ce.

Amma maganar wuta ce ta fi damuna, don kullum sai an kawo mini irinta a maƙera. Kada ka kuskura! Ƙotar wuƙa rufaffiya ce, idan ta yi zafi kwaltar ciki ta tafasa, sai ta fashe ta watsa maka a fuska. Kwalta mai zafi kuwa manne wa fata take yi, ba ta goguwa. Sannan ga dalma. Tana narkewa a zafin digiri 327, azurfar 925 kuwa sai ta kusa 900. Tun azurfar ba ta yi ja ba, dalma ta malala ta ci jikinta, ka lalata abin da kake son sayarwa da hannunka. Wannan duk asarar kuɗi ce. Hayaƙin da ƙurar su ne bala'in, domin a ina mutane ke wannan aiki? A tsakar gida, kan murhun da ake tuwo, yara na rarrafe cikin toka. Mun manta Zamfara ne? A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya cikin gidaje ta kashe yara kusan 400, maƙwabtanmu ne, ba labarin nesa ba. Wanda ya rayu ma, dalma na taɓa masa ƙwaƙwalwa har girmansa.

Masu cewa "ka sha madara bayan aiki, ta wanke gubar", don Allah su ji tsoron Allah. Madara ba ta fitar da dalma daga jini. Ban san wa ya fara yaɗa wannan ba, amma ya ɗauki alhakin mutane da yawa.

Aikin a sanyi ake yinsa. Ka fita waje nesa da yara, ka sa tabarau da safar hannu, don gefen azurfar kaifi gare shi. Ka naɗe sandar cikin buhu, ka bubbuga da guduma har cikon ya farfashe, ka tsaga fatar da almakashin ƙarfe, ka ɓare ta da awartaki. Ka bi da maganaɗisu don tsince ƙarfe. Tarkacen ka ƙulle shi, kada ya shiga shara ta gida, ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

Kafin guduma ta sauka, ka nuna wa masu sayen tsofaffin kaya sandunan. Biyu masu kama da juna da ba su lotsa ba kan fi ɓawonsu kuɗi. Idan ka ga EPNS a jikin wani, kada ma ka wahalar da kanka, shafen azurfa ne kawai a kan wani ƙarfe. Wajen sayarwa ka ware mai lamba 925 daga mai lamba 800, wadda azurfarta ba ta kai ta 925 ba, a auna da giram a gabanka, kuma ka ji farashin maƙera biyu ko uku kafin ka sallama.