Ɗana yana amsa waya yana tuƙi, ya ce ba komai tunda da iyafis ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 22 yana tuƙa adaidaita sahu tsakanin Kabuga da Kantin Kwari, kuma duk ranar da ya ɗauke ni zuwa unguwa sai na ga yana amsa waya, wani lokacin ma har ya leƙa saƙon WhatsApp. Da na yi masa faɗa sai ya ce ai da iyafis yake magana, hannayensa biyu suna kan mashin. Shin hakan ya wadatar, ko kuwa ina da dalilin damuwa? Daga wata uwa, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kina da dalilin damuwa ƙwarai, domin iyafis hannu kawai yake sakewa, hankali kuwa yana can wurin wanda ake magana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa direban da ke amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen yiwuwar yin haɗari, kuma ta ce magana ba tare da riƙe wayar a hannu ba ba ta rage haɗarin da wani abin kirki. Hukumar ta kuma ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya, wato sa'o'in ɗanki.

Leƙa saƙo ya fi muni, tunda ido ma ya bar titi. Abin hawan da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin kusan mita 11 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa 3 da zai yi yana karanta saƙo sun kai shi fiye da mita 30 bai ga gabansa ba. Duk wanda ya san titin Jami'ar Bayero da safe, ko bakin Kantin Kwari da la'asar, ya san abin da mita 30 ke ƙunshe da shi: almajiri mai tsallakawa, ɗan dako da kaya a kai, wani adaidaita da ya ci burki ba zato don fasinja ya ɗaga hannu. Ga shi adaidaita ba ta da ƙofa, ba ta da bel, karo kaɗan ya isa ya watso mutane kan kwalta. Matashi kuwa, komai zafin namansa, bai daɗe a titi ba har idonsa ya saba da hango matsala tun kafin ta iso.

Amfani da waya a kan tuƙi laifi ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke cin tara a kansa, sai dai a ganina tsoron tara ba ya hana yaron da ke fafutukar haɗa balas, musamman idan kiran na fasinjan da ke ɗaukar shata ne.

Ki zaunar da shi cikin natsuwa, ko ki sa mahaifinsa ko kawunsa, a nuna masa cewa rayukan da ya ɗauka amana ce a wuyansa. Ya sa wayar a aljihu, idan kira ya zama dole ya gangara gefen titi ya tsaya. Ku ma mutanen gida ku daina kiransa a lokacin aiki, ku ajiye magana sai ya tsaya sallar azahar ko la'asar, shi ya kira ku da kansa.