Tambaya da Amsa: Wilin Tayoyin Hunturu

Tambaya: Malam, ina zaune a Munich ta ƙasar Jamus, kuma ina da mota ƙirar Porsche Cayman. Ina son in sayi wili huɗu na daban da zan riƙa ɗora wa tayoyin hunturu, domin cire taya da mayarwa duk shekara yana goge rim. Yaya zan gane wanda zai dace?

Amsa: Ɗan'uwa, abu na farko shi ne tsarin ramukan noti. Cayman tana da ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 130, ramin tsakiya kuma milimita 71.6 ne, don haka wilin Audi ko Mercedes masu 5x112 (ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 112) ba zai hau ba, komai kyansa. Sai lambar ET da ake bugawa a bayan rim, wadda take nuna yadda wilin zai nutsa ciki ko ya fito waje. Idan ta kauce sosai, taya za ta riƙa gugar jikin motar.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne birki. Masu motoci sukan rage girman rim a lokacin sanyi saboda araha, amma birkin irin wannan mota babba ne, kuma ƙaramin rim yana iya taɓa shi, saboda haka ka sa a gwada wilin gaba a jikin motar kafin ka biya kuɗi.

A Jamus, ka nemi takardar ABE ta wilin, wato takardar izinin amfani da shi a kan titi, ko kuma TÜV, ƙungiyar da ke binciken lafiyar motoci, ta duba shi. Tayar kuma dole ta kasance da alamar dutse mai ƙwayar dusar ƙanƙara, domin tun Oktoba 2024 alamar M+S (wato laka da dusar ƙanƙara) kaɗai ba ta wadatarwa.