Makarantar sakandare da filin wasa na dala miliyan 60: wa ya biya?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wani katafaren filin wasa a garin Allen na jihar Texas, aka ce wai na makarantar sakandaren gwamnati ne. Da gaske ne? In haka ne, daga ina kuɗin ya fito, kuma me ya hana a ƙara wa malamai albashi da shi?

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa. Sunansa filin Eagle, an buɗe shi a 2012, yana ɗaukar mutum 18,000, kuma ya ci wajen dala miliyan 60. Ƙwallon Amurka ake yi a ciki, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, ana sanye da hular kwano.

Kuɗin daga aljihun mutanen garin ya fito. A Texas, hukumar makarantu ta kowane yanki tana karɓar haraji a kan gidaje da filaye. In tana son yin babban gini, sai ta nemi mazauna yankin su kaɗa ƙuri'a kan ko a ciyo bashi, a riƙa biya sannu a hankali daga wannan harajin. A 2009 mutanen Allen suka amince da bashin dala miliyan 119, wanda ya haɗa da filin da zauren kiɗa da wasan kwaikwayo da wurin kula da motocin ɗaukar ɗalibai. Batun albashi kuwa, doka ce ta raba asusun biyu: kuɗin bashin gini ba ya shiga asusun albashi. Ko da ba a gina filin ba, malami ba zai ga sisin kwabo daga ciki ba. Abin da za a iya cewa dai shi ne, da harajin masu gidaje ya ɗan yi sauƙi.

Amma me ya sa suka yarda? A 1970 Allen ƙauye ne a arewacin Dallas, mutanensa ba su kai 2,000 ba. Zuwa 2020 sun haura 100,000. Maƙwabtansu irin su Plano da Frisco da suka cika haka sai suka yi ta buɗe sababbin makarantu. Allen ta ƙi, ta riƙe babbar sakandare guda ɗaya tal, mai ɗalibai dubbai, 'yan shekarar farko ma an ware musu harabarsu daban. Saboda haka duk ɗan garin tuta ɗaya yake bi. Daren Juma'a a lokacin kaka, kakanni da jikoki duk can ake haɗuwa, kuma da yawa daga cikin iyayen da ke kan benci ba ɗan ƙwallo suka zo kallo ba. 'Yan badujalar makarantar, da ake kira Escadrille, ɗaruruwa ne, har ana lissafa su cikin mafiya yawa a Amurka. In suka jeru a hutun rabin lokaci, da kyar kake ganin ƙasa. A makon da tsofaffin ɗalibai ke dawowa ziyara kuma, 'yan mata kan rataya wani ƙaton furen roba a wuya, da zirin kyallaye har gwiwa da 'yan ƙararrawa suna kacau-kacau a farfajiya. Wannan al'adar duk Texas ce.

A fagen wasa sun ci kofin jiha a 2008, 2012, 2013, 2014 da 2017. Uku na tsakiyan da Kyler Murray aka ci su, yaron da bai taɓa shan kaye ba a duk wasan da aka fara da shi, wanda daga baya ya zama na farko da aka ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL a 2019. Ga kuma dokar jiha tun 1984: ɗalibin da ya faɗi darasi ɗaya sai ya zauna a benci, komai gwanintarsa.

Ni dai ina ganin tsadar ta yi yawa, musamman da simintin ya tsattsage cikin shekara biyu, aka rufe filin duk kakar 2014, sai 2015 aka sake buɗewa. Wasu garuruwan Texas ba su ji tsoro ba: Katy ta buɗe nata a 2017, McKinney a 2018, kowanne ya kai wajen dala miliyan 70.