Tambayoyinku: harsunan rubuta manhaja Kotlin da Java a manhaja ɗaya

Tambaya: Na rubuta aiki (function) mai suna tara a Kotlin, a fayil ɗin Lissafi.kt, amma daga ɓangaren Java na neme shi sama ko ƙasa na rasa. (Aminu)

Amsa: Malam Aminu, ba wanda ya sace maka shi. Duk aikin da ba ya cikin wani aji (class), Kotlin kan zuba shi a ajin da take laƙaba wa sunan fayil ɗin. Ka kira LissafiKt.tara(). In sunan bai kwanta maka ba, sa @file:JvmName a saman fayil ka ba shi sunan da kake so.

Tambaya: Manhajarmu ta Android rabi Java ce, rabi Kotlin. An ce in rubuta bayanin yadda azuzuwan ɓangarorin biyu ke kiran juna. Tunda harsunan suna jin juna, mene ne amfanin wannan wahala? (Hadiza)

Amsa: Malama Hadiza, kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Tun 2017 da Google ta karɓi Kotlin a Android nake jin wannan magana, kuma ita ke kayar da manhajoji a hannun mutane.

Ga misali. Wani ya rubuta aiki a Java da ke dawo da sunan mai amfani, amma idan mutum bai shiga asusunsa ba sai ya dawo da null, wato babu komai. Marubucin ya san haka a ransa, bai rubuta ko'ina ba. Ke kuma daga Kotlin abin da za ki gani shi ne String!, wato Kotlin ba ta san ko akwai abu a ciki ko babu ba, kuma ba za ta ja miki kunne ba. Sai ki nemi tsawon sunan, komai lafiya a wayarki domin kin shiga asusunki. Ranar da baƙo ya buɗe, manhaja ta mutu nan take. Kalma ɗaya, @Nullable, da layi guda na bayani sun isa su hana wannan.

Ɗaya ɓangaren ma haka yake. Abin da kika sa a companion object, wato sashen da ake kira da sunan ajin kai tsaye a Kotlin, ɗan Java sai ya rubuta Ajiya.Companion.bude() in ba ki sa @JvmStatic ba. Ƙimar da kika tanadar wa aiki tun farko, Java ba ta ganinta sai da @JvmOverloads. Kuskuren da aikinki ke iya jefowa kuwa, muddin babu @Throws ba abin da zai tilasta wa ɗan Java ya tare shi.

Ni ɗabi'ata, kuma ina so ki ɗauka: duk ajin da ke tsallaka iyaka sai na rubuta masa misali biyu, kira ɗaya a Java, ɗaya a Kotlin, sannan in sa su cikin gwaje-gwajen manhajar. Ranar da wani ya sauya suna, gwajin zai faɗi, dole a gyara bayanin. Don Allah kada ki ajiye shi a wata takarda daban da ba mai buɗewa. Ki rubuta a jikin kod ɗin da KDoc da Javadoc, wato tsarin rubuta bayani na Kotlin da na Java, manhajar Dokka ta kamfanin JetBrains tana karanta duka biyun ta fitar da shafuka.

Tambaya: Ni ma ina da irin wannan matsala, amma a harsunan manhajar iPhone: Objective-C ta ƙi ganin struct ɗina (wani tsarin haɗa bayanai) na Swift. (Sani)

Amsa: Ba za ta gan shi ba, Malam Sani. Mayar da shi aji mai gadon NSObject, tushen azuzuwan Objective-C, ka sa @objc a kan abin da kake so ta kira.